Nicholas Carr: Marubucin Da Intanet Ta Raba Shi Da Dogon Karatu

'Yan uwa masu sauraro, maganar yau a kan wani Ba'amurke ce mai suna Nicholas Carr, haifaffen 1959. Mutumin ba injiniya ba ne, adabin Turanci ya karanta, sannan ya yi aikin edita a mujallar Harvard Business Review.

A 2003 sunansa ya fara fita. Ya rubuta cewa kwamfuta ta zama kamar wutar lantarki, kowane kamfani yana da ita, saboda haka mallakarta ba ta ƙara ba wani fifiko a kan wani. Masu sayar da kwamfuta suka yi masa ca, har da shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer. Ai dole, an taɓa musu kasuwa.

To amma abin da ya fi shafar mu shi ne wanda ya biyo baya. A 2008 ya rubuta a mujallar The Atlantic cewa ya lura da wani abu a kansa. Da can yakan zauna da littafi awa da awanni, amma tun da ya saba da intanet, in ya karanta shafi biyu ko uku sai hankalinsa ya tashi, ya fara neman wani abin yi. Ku lura, 'yan uwa, wannan mutum ne da karatu da rubutu su ne abincinsa.

Wannan damuwa ce ta haifi littafinsa The Shallows a 2010. Hujjarsa ita ce ƙwaƙwalwa tana sauyawa gwargwadon aikin da aka saba mata. Ya kawo binciken da aka yi kan direbobin tasi na Landan, inda aka ga ɓangaren ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar hanyoyi ya fi na sauran mutane girma. In haka ne, wanda ya yini yana tsalle daga wannan shafi zuwa wancan, tsallen yake koya wa kansa, ba natsuwa ba. Ba kowa ya yarda ba. Masanin halayyar ɗan Adam Steven Pinker ya ce irin wannan tsoro an yi shi a kan jarida da talabijin ma.

Don ya iya gama littafin, sai da Carr ya ƙaura zuwa duwatsun Kolorado, ya rage hulɗa da intanet ƙwarai. Karatu ya dawo masa. Amma a cikin littafin ya faɗi gaskiya cewa da aikin ya kusa ƙarewa, ya riga ya fara komawa gidan jiya.