Faifan Birki da Takardar Garanti



Da yawa daga cikin 'ya'yan wannan gari da motar ɗaukar kaya suke neman abinci, don haka zan ja hankalinku ga faifan birki. Idan mota sabuwa ce, ba ta yi tafiya mai yawa ba, amma sitiyari yana karkarwa da zarar an taka birki, to faifan ya cinye ba daidai ba. Sau da yawa kalifa ce ta maƙale, ko an ɗaure wani noti na taya fiye da 'yan uwansa, ko tsatsa ta kama faifan saboda doguwar ajiya.

Garanti ba ya biyan abin da aiki ya cinye, amma yana biyan aibin da ya fito daga masana'anta, kuma yana da wa'adi. A Amurka, alal misali, na Toyota shekara 3 ne ko mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Saboda haka kada ku bari bakanike ya sassaƙe faifan, domin shi ne shaidarku. Ku kai wa dilan da ya sayar muku da wuri, a auna kaurinsa, a ba ku sakamako a rubuce.

Tun ran gini, tun ran zane. Allah ya tsare hanya.