WAKILCIN JAM'IYYA A UNGUWA: AIKIN DA 'YAN BOKO SUKA GUJE WA

 

Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni da in yi magana a kan wakilcin jam'iyyar siyasa a unguwa, saboda na daɗe ina wannan aiki na sa-kai a unguwarmu. Ba zan ambaci sunan jam'iyyata ba, don na san a zauren nan kowa da inda ya sa gaba. Magana ɗaya nake tafe da ita: wannan ɗan ƙaramin aiki da muke rainawa shi ne tushen siyasa, kuma mu da aka kashe wa kuɗi muka yi karatu mun fi kowa gudunsa.

Da farko, wane ne wakilin unguwa? Shi ne mutumin da jam'iyya ta sani a unguwa, unguwa kuma ta san shi a jam'iyya. Ba shi da albashi, ba shi da ofis, sai dai ƙofar gidansa da tabarma. A Nijeriya muna da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A 2021 Hukumar Zaɓe ta INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe suka kai 176,846. Babu ɗan takarar da zai iya zaga waɗannan rumfuna da ƙafarsa. Dole sai da ɗan gari kan ci gari.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasarmu. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ba ta da kuɗi, ba ta da hukuma. Abin da ya kai ta ƙauyuka shi ne teloli da 'yan koli da malaman zaure, masu bi gida-gida suna wayar da kan talakawa, wasu har da shan ɗauri. Hajiya Gambo Sawaba ta yi irin wannan aiki a cikin mata tun mata ba su da 'yancin jefa ƙuri'a a Arewa. Irin da suka shuka shi PRP ta Malam Aminu Kano ta girba a 1979, sa'ad da Alhaji Abubakar Rimi ya ci Kano, Alhaji Balarabe Musa ya ci Kaduna. Da yawanmu kuma muna tune da zamanin SDP da NRC, lokacin ƙato bayan ƙato, inda mutum zai tsaya a layi bayan hoton ɗan takararsa a ƙirga shi kowa yana gani. A wancan tsari, wakilin da bai san mutanensa ba a take asirinsa ke tonuwa.

To, mene ne aikin? Kashi uku ne. Na farko, kafin zaɓe: ka san wanda ya kai shekara 18 bai yi rajista ba, da wanda ya yi rajista bai karɓi katinsa ba, da wadda aka kawo aure unguwar tana buƙatar a mayar mata da rumfarta kusa. Ka kai wa jama'a manufar jam'iyya, ka kuma kai wa jam'iyya kukan jama'a, ko na famfon da ya ƙafe, ko na kwatar da ta toshe, ko na ajin firamare da iska ta yaye wa kwano.

Na biyu, ranar zaɓe. Idan jam'iyya ta miƙa sunanka a matsayin wakilinta a rumfa, sai ka isa kafin malaman zaɓe, ka ga akwati babu komai ciki kafin a rufe shi, ka lura da yadda ake tantance masu zaɓe, kamar yadda aka yi da na'urar BVAS a 2023. Bayan an gama, a gabanka za a ƙirga ƙuri'u a fili, a rubuta a takardar sakamako mai lamba EC8A, ka sa hannu, ka karɓi kwafinka. Wannan takarda ita ce hujjar jam'iyya idan an je kotu. A nan ne ilimi yake da rana, domin wakilin da ba ya iya karanta abin da ya sa wa hannu, zuwansa da rashin zuwansa duk ɗaya ne. Kada kowa ya ce rumfa ɗaya ba komai ba ce. A zaɓen gwamnan Kano na 2019, sai da aka sake zaɓe a wasu rumfuna, har da mazaɓar Gama, kuma tazarar ƙarshe ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba a zaɓen da kowane ɓangare ya haura miliyan ɗaya.

Na uku, wanda ya fi wuya, bayan zaɓe. Ɗan takara zai tafi Abuja ko gidan gwamnati ya canza lambar waya, kai kuwa kana nan. Kai za a tare a masallaci da wurin suna da jana'iza a tambaye ka ina alkawari. Saboda haka kada ka ɗauki alkawarin da ba ka da ikon cikawa, kada kuma ka yarda a mai da kai ɗan rabon taliya da sabulu da atamfa. Wanda ya sayi ƙuri'ar maƙwabcinsa ya sayar da bakinsa, gobe ba shi da ta cewa. Haka nan kada ka ɓata da maƙwabci saboda jam'iyya. Marigayi Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya bar mana darasin siyasa ba da gaba ba. Jam'iyyu nawa aka rushe a idonmu, tun daga NPN da PRP a ƙarshen 1983 har SDP da NRC a 1993, amma maƙwabtaka tana nan daram.

'Yan uwa, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum fiye da miliyan 93 ne suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Mu 'yan boko mun iya sharhi a majalisa da kan waya, ranar zaɓe kuwa sai mu rufe ƙofa mu ce siyasa ƙazanta ce. Gurbin da muka bari ba ya zama wofi, 'yan jagaliya ne ke cike shi, kuma yaran da ake ba ƙwaya da makami 'ya'yan unguwarmu ne.

Na san a cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati da alƙalai da masu kaki waɗanda ƙa'idar aikinsu ta hana su yin siyasar jam'iyya. Su ma suna iya tura iyalinsu su karɓi kati su yi zaɓe. Sauranmu kuwa, 'yan kasuwa da 'yan fansho, roƙona shi ne kowa ya nemi ofishin mazaɓarsa na jam'iyyar da ta kwanta masa a rai, ya yi rajista, ya riƙa halartar taro, ya karɓi rumfa ɗaya ya riƙe ta amana.

Malamanmu, ku kuka koya mana gaskiya da tsare amana tun muna 'yan aji ɗaya. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba ƙasarmu shugabanni nagari.