Saitin Wuƙaƙen Girki Na Ƙirar Hannu: Jawabi A Taron Shekara

Shugaban wannan ƙungiya tamu, iyayenmu malamai da Allah Ya ja da ransu har suka ga wannan rana, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Kwamitin shirya taro ya nemi kowa ya kawo abin da ya sani daga fagen sana'arsa, ni kuwa Allah Ya sa abincina a aikin ƙarfe yake, don haka zan yi magana a kan wuƙar girki. Kada wanda ya raina batun, domin yawancinmu mun kai shekarun aurar da 'ya'ya, kuma duk wanda ya yi kayan ɗaki ya san saitin wuƙaƙen nan na kanti masu ƙyalli da ake jerawa a kicin ɗin amarya. Kafin a yi suna na fari sun dakushe, ƙotar roba ta tsage, uwargida ta koma wa wuƙa guda ta maƙera da ta saya a kasuwa. Kuɗinmu ya tafi waje, maƙerin unguwa kuma yana zaune yana jiran Sallar layya kafin ya ga ciniki.

Ƙira ba baƙuwarmu ba ce. Masu binciken tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin Kano ya ambaci Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Abin da maƙerinmu bai saba da shi ba shi ne ƙera wuƙa huɗu ko biyar da za a ajiye gefe da gefe a ce 'yan ɗaki ɗaya ne. Yana ƙira da ido, kowace wuƙa da yadda ta zo masa. Saiti kuwa a takarda ake fara shi, tun ba a hura wuta ba, kuma nan ne mu da muka riƙe rula da kamfas a aji muke da abin bayarwa.

Tambayar farko ita ce, me ake yankawa a gidajenmu, kuma yaya ake yanka shi? Saitin Turawa an tsara shi ne domin mai yanka a kan katako, shi ya sa babbar wuƙarsu take da tsawon santimita 20 da faɗin kusan santimita 5 a gindi, don kada yatsu su bugi katakon. Har da wuƙar burodi mai haƙora da wuƙar cuku a ciki. To, ku tuna yadda iyayenmu mata suke yanka kuɓewa da albasa da alayyahu: a hannu, a kan kwano, wuƙa tana tahowa wajen babban yatsa. Mai irin wannan aiki wuƙa mara nauyi take so, siririya, mai tsawon santimita 12 zuwa 13, wadda aka goge kusurwar gindinta don kada ta tsaga yatsa. A ganina ita ce uwar saitin Bahaushiya, kuma ita ya kamata a fara zanawa. Bayanta sai ƙarama mai santimita 8 ko 9 ta ferar doya da dankali da citta, sai babba ta nama da kabewa mai santimita 20, sai mai kauri ta saran ƙashi. Wanda yake yanka dabba a gidansa ya ƙara ta fiɗa mai lanƙwasasshen baki. Abin da ya wuce haka ado ne, a rataye zai tsufa.

Yanzu ga inda mutane suke kuskuren fahimtar kalmar saiti. Wasu suna zaton a zana wuƙa guda, a yi ta ƙara mata girma kamar yadda ake faɗaɗa hoto. In aka yi haka ƙaramar za ta fito da ƙotar da ba ta cika hannu ba, babbar kuma da ƙota kamar ta gatari, alhali hannun mai girkin guda ne, ba ya girma ba ya raguwa. Ƙotar babbar wuƙa ba ta wuce santimita 12 ko 13 ba, ta ƙaramar kuma kada ta gaza 9 ko 10. Kauri ma kowace da nata: milimita 2 ko ƙasa da haka ya ishi ta kayan miya, ta ƙashi kuwa sai ta kai 5 ko 6. Haka kaifi. Ta kayan miya a wasa ta siriri, wajen digiri 15 kowane gefe, ta ƙashi a bar mata baki mai kauri, wajen digiri 25, in ba haka ba karon farko da ƙashin sa za ta yi giɓi. Abin da zai nuna dangi ne shi ne siffar ƙota, da yadda bayan wuƙa yake gangarowa zuwa tsini, da itacen da aka yi amfani da shi, da yawan ƙusoshi da tazarar da ke tsakaninsu. A zana su duka a takarda guda, gindinsu a kan layi ɗaya, a manna a bango a ja da baya a duba. Wadda ta fita daga dangi ido zai nuna ta nan take. In zane ya zauna, a yanka shi a kwali a riƙe a hannu a ji, sannan a mayar da shi kan falle na kwano, domin kwali ba ya daɗewa kusa da wutar maƙera.

Sai batun ƙarfe. Maƙeranmu sun daɗe da gane sifirin na mota, kuma sun yi gaskiya. Yawancinsa yana ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, wanda ya isa ya sa ƙarfe ya yi tauri in an kashe shi, kuma yana da juriya. Amma ba duk sifirin ne iri ɗaya ba, tsoho kuma yakan ɓoye tsaga a cikinsa saboda shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya. Saboda haka duk wuƙaƙen saiti su fito daga falle guda, a fara gwada ɗan guntu daga jikinsa. In aka haɗa ƙarfe kashi-kashi, wata za ta riƙe kaifi wata ta dakushe, uwargida ta zaɓi guda ta watsar da sauran.

Kowane mataki a yi wa duka a rana ɗaya, kada a gama wata sannan a fara wata. A buge su tare, a gyara da magagari tare, a huda ramukan ƙusa tun ƙarfe yana da taushi, domin bayan an kashe shi abin huji ba ya shiga. Kuma mai son huɗu ya shirya biyar, don siririyar takan karkace ko ta tsage a wurin kashewa.

Kashe ƙarfen nan shi ne ran aikin, kuma a nan ne darasin fiziks da muka yi ta hamma a cikinsa ya zo da amfani, malamanmu su gafarce mu. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai digiri 770. Sai maƙeri ya ajiye ɗan maganaɗisu kusa da shi, ko na tsohuwar lasifika ne, in wuƙa ta daina kamawa ya ƙara mata zafi kaɗan ya tsoma ta cikin mai. Da haka duka biyar ɗin za su sha wuta daidai, maimakon dogara da jan ƙarfe, wanda da rana tsaka yake yaudarar ido. Ruwa yana fasa siririn sifirin. Baƙin mai kuwa hayaƙinsa cuta ne, man gyaɗa mai ɗumi ya fi dacewa da abin da zai taɓa abinci. Wuƙar da ta kasu, magagari zamewa yake yi a bakinta, amma a lokacin tana da gautsi kamar kwalba, sai an sake ɗumama ta a hankali zuwa wajen digiri 200, har ta yi launin busasshen kara. Ta saran ƙashi a bar ta ta ɗan ƙara duhu don ta yi taushin jure duka. Ta kayan miya in bakinta ya yi shuɗi, an wuce gona da iri.

Ƙota ma daga katako guda za a yanko ta, wanda ya bushe sarai, in ba haka ba hunturun farko zai tsotse shi ƙusoshi su yi sako-sako. Kanya da marke da ƙirya duk suna da ƙarfi, ƙirya kuma ita ce dai mai ba maƙera gawayin da suka fi so. Wutsiyar ƙarfe ta ratsa ƙotar har ƙarshe, a ɗaure da ƙusar tagulla.

Akwai abin da dole a faɗa wa mai saye tun da wuri, wato wannan ƙarfe yana tsatsa. Tumatir da lemon tsami da tsamiya suna baƙanta shi, in ya kwana a ruwan wanke-wanke da safe sai a tarar da shi ja. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Shefil ta Ingila a 1913, yana da kuromiyam fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma kashe shi yana bukatar zafin da ya haura digiri 1,000 tare da awo na daidai, abin da zuga-zugi ba za su iya tabbatarwa ba. Matan da suka fi son na kanti saboda wannan suna da hujja. Amsarmu ita ce tamu ta fi saurin wasuwa a dutse, baƙin da take yi kuma ba datti ba ne, illa dai a wanke, a goge, a shafa ɗigon mai. Kuben fata yana da kyau a ba da kyauta, amma fata tana riƙe danshi, don ajiyar yau da kullum gara a yi musu mazauni na katako.

Abu na ƙarshe shi ne tambari. Ƙungiyar maƙeran wuƙa ta yankin Shefil ta samu dokar majalisa a 1624, tana rajistar alamar kowane maƙeri, Jamus kuma ta yi doka a 1938 don kare sunan garin Solingen a jikin wuƙa. Maƙerinmu yana sakin aikinsa ba suna ba alama, wanda ya ji daɗin wuƙa ba ya sanin inda zai koma. A sassaƙa masa ɗan hatimi na ƙarfe ya riƙa bugawa a wuri guda a jikin kowace.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, waɗanda suke da biki a gabansu su haɗu su ba maƙeri guda aikin saiti biyar ko goma a kan zane ɗaya, su biya shi rabin kuɗi tun farko don ya sayi ƙarfe da katako, kuma kada a kai masa aikin ana saura mako biyu Sallar layya. Na zo da zanen kwano na wuƙaƙe huɗun da na ambata, suna kan teburin sakatare, duk mai so ya ɗora a takarda ya zana nasa kafin a tashi.