Ba A Fafe Gora Ran Tafiya

Jawabin da aka yi wa magidanta a Amarawa

Yau maganata da ku ce, ku masu gida. Na san wani zai ce haihuwa sha'anin mata ce, ina ruwan namiji? To, ku saurara. Idan naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, wa ake jira ya ce a tafi asibiti? Wa ke da kuɗin mota? Ashe kuwa da ruwanmu.

Mace takan ji ciwo ta yi shiru saboda kunya, balle mai cikin fari. Saboda haka sai ka sa ido da kanka. Ga alamu 6 da ba a kwana da su a gida:

1. Zubar jini, ko da kaɗan ne, tun ciki bai isa haihuwa ba.
2. Kumburin fuska da hannuwa, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi.
3. Jijjiga, watau ta riƙa fizge-fizge kamar mai farfaɗiya.
4. Zazzaɓi mai zafi.
5. Ɗa ya daina motsi a ciki.
6. Naƙuda ta kai daga fitowar rana har faɗuwarta, ba a haihu ba.

Jijjiga ba iskoki ba ne. Jininta ne ya hau. Hayaƙi ba ya saukar da shi, amma a asibiti akwai allurarsa. Doguwar naƙuda kuwa ita ke jawo yoyon fitsari, don kan ɗa yakan danne mafitsara har wurin ya huje. Bayan haihuwa ma, idan jini ya ɓalle, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Jini yana iya kashe mace cikin sa'a 2.

Yanzu ku duba zamanmu a nan. Mu mutanen bakin iyaka ne. Yau kana kasuwar Illela, gobe ka ƙetara Ƙonni, da rani kuma ka tafi cin rani. A ce ka yi tafiya, jini ya ɓalle wa matarka. Uwarka ta ce a jira mai gida. Ƙanenka ya ce ba shi da iko. Ana ta neman wayarka ba ta shiga. Kafin a same ka, lokaci ya wuce.

Maganin wannan ba wuya. Tun kana gida, ka tara uwarka da ƙanenka da ungozoma, ka ce, "Ko ba na nan, in kun ga ɗaya daga cikin alamun nan, na yarda ku kai ta asibiti." Wannan magana ba ta cin ko kwabo, amma tana ceton rai.

Sai sauran shiri. Ka bar ta ta je awo tun ciki yana ƙarami. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu. Da kaka, in ka sayar da gero ko wake, ka ware kuɗin haihuwa, kada ka taɓa. Ka shirya da mai mota, ka rubuta lambarsa, ga amfanin karatun da kake koyo. Ka nemi 'yan'uwa 2 da za su ba da jini in an bukata. Asibitin Illela yana kusa, amma in abin ya fi ƙarfinsu sai Sakkwato, ta Gwadabawa da Kware, tafiyar wajen mil 50.

A 2013 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta fara raba wa mata ƙwayoyin tsai da jini bayan haihuwa. Ku tambaya a wurin awo. Amma ku kiyaye, ba a shan su sai ɗa ya fito.

Rai a hannun Allah yake, gaskiya ne. Amma wanda ya dogara ga Allah ma yakan ɗaure raƙuminsa. Kuna tanadin ragon suna tun da wuri. To, ku fara tanadin lafiyar mai jegon. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.

Tambayoyi
1. Faɗi alamu 3 da ba a kwana da su a gida.
2. Me za ka faɗa wa mutanen gidanka kafin ka yi tafiya?