Na Yi Lissafin Kwana Biyar, Mambila Ta Ci Bakwai

Tun da na ɗora hotunan nan na Gembu saƙonni suke ta shigowa, kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake yi: nawa ka kashe? To yau zan faɗa, har da inda na tafka wauta. Mai biro ya ɗauko.

Mu biyu muka tashi daga Gombe a watan Janairun 2025, ni da wani abokina tun na yarinta, kowa da Boxer ɗinsa. Bambancinmu ɗaya ne. Ni na gama biyan nawa, shi kuwa acaɓa yake yi da nasa, kuma duk sati sai ya kai wa mai mashin balas. Ku riƙe wannan maganar, zan dawo kanta.

Ga wanda bai sani ba, tsaunin Mambila yana jihar Taraba, a ƙaramar hukumar Sardauna, kan iyaka da Kamaru, kuma Gembu ce hedikwata. Tsayin wurin ya kai kamar mita 1,600. A yankin nan ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Amma wannan tafiyar ƙafa ce ta kwanaki tare da ɗan jagora, kada ka sa shi a lissafin mashin. Hanyar kuwa daga Jalingo sai Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe. Daga Mayo Selbe hawa yake farawa, ka bi ta Maisamari da Nguroje ka shiga Gembu. Mun zaɓi Janairu ne saboda daminar can tana da tsawo, kusan daga Maris har Nuwamba, kuma mashin da jar laka ba sa ga maciji.

Ga abin da na rubuta a takarda kafin mu tashi, na mutum ɗaya. Zuwa da dawowa na ƙiyasta kilomita 1,400. A gida mashina yana ba ni kamar kilomita 45 a lita ɗaya, na raba, ya ba ni lita 31. Lokacin lita ta haura naira dubu, sai na ware 35,000 na mai. Kwana biyar: ranar farko Jalingo, ta biyu Gembu, ta uku yawo, biyu na dawowa. Kowace rana 12,000, wato rabin kuɗin ɗaki, abinci da 'yan kunji-kunji, ya kama 60,000. Gyara 10,000. Jimla 105,000. Na kalli takardar nan ina jin kaina wani akanta.

Ranar farko babu labari, sai dai shawara ɗaya: ka yi waya ka tambayi dokar mashin a garuruwan da za ka ratsa, domin akwai inda aka taƙaita hawansa. Takardun mashin da katin shaida su kasance a aljihun gaba, shingayen bincike suna da yawa.

Rana ta biyu ce ta fara yaga mini takarda. Ni a taswirar waya na auna Jalingo zuwa Gembu, na ga abin wuni ɗaya ne. Taswira ba ta san rami ba, ba ta san mashin yana son hutawa ba, ba ta san bayan ɗan Adam yana ƙagewa ba. Sai bayan la'asar muka shiga Serti. Muna shan shayi wani dattijo ya kalli kayan da muka ɗaure, ya ce, "Samari, ina zuwa da yamman nan?"

Na ce, "Gembu, Baba."

Ya ce, "Kun taɓa hawa?"

Muka ce a'a. Ya ce, "To ku kwana. Da safe ma dutsen yana nan."

Na so in yi gardama saboda 12,000 ɗin da ba ta cikin lissafi. Abokina ya taka mini ƙafa. Washegari da na ga hanyar da idona, wallahi sai da na yi wa Baban nan addu'a a fili. Kwana ce a kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, ga manyan motoci suna saukowa suna cin tsakiyar titi. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, a nan na ji mashina yana kuka kamar zai ce in sauka in tura.

Abin da yake faruwa shi ne, kana hawa iska tana ƙara siranta, injin kuma da iska yake ƙona mai. Duk mita 300 da ka hau, inji yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa. Ka kai saman Mambila ka yi asarar kusan kashi 15. A babban mashin ba za ka damu ba. A ƙaramin Boxer mai ɗauke da kai da jaka da jarka, za ka ji a jikinka. Kana giya ta biyu, wani lokaci ta ɗaya, ka murɗe totur, mai yana tafiya, tafiyar ba ta ci gaba. Kilomita 45 ɗin da nake taƙama da ita ta dawo talatin da 'yan kai. Sannan a ƙauyuka man kwalba muka riƙa saya wajen 'yan bumburutu, shi kuwa kun san farashinsa daban.

Wani abin da ban sa a lissafi ba, kuma har yanzu ina mamakin kaina: yawon da ya kai mu can ɗin. Na lissafa zuwa, na lissafa dawowa, na manta cewa in mun je ba zama za mu yi a ɗaki ba. Gonar shayi ta Kakara, dajin Ngel Nyaki, tuddan da shanun Fulani suke kiwo a ciyawa har iya ganinka, duk mai ake sha kafin a gan su. Ban yi nadamar ko lita ɗaya ba, amma da na rubuta ta tun a gida. Sai sanyi. Mu 'yan Gombe muna ganin mun san hunturu. Dole na sayi rigar sanyi ta gwanjo da safar hannu a kasuwar Gembu, domin da asuba yatsuna ba sa iya matse kulochi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ranar da za mu sauko, tsabar kuɗin hannunmu ta yi ƙasa. Mun je wajen mai POS sau biyu, sabis ya ƙi. Abokina bai ce mini komai ba, ashe tun dare yake lissafin balas ɗin da ke jiransa ranar Juma'a da kwanakin da bai yi aiki ba. Da muka fara gangara sai ya yi abin da 'yan acaɓa suka saba yi a gari don tsimin mai: ya sa mashin a firi ya sake shi, yana riƙe shi da birki kawai.

A gangaren unguwa wannan ba komai ba ne. A gangaren da ba ya ƙarewa, birki yana ɗaukar zafi, in ya yi zafi sosai kuma sai ka taka ka ji kamar ka taka soso. Ina bayansa na fara jin ƙauri. Kwana ta gaba na ga ya taka, mashin bai saurare shi ba. Allah Ya ba shi dabara ya karkata ɓangaren dutse maimakon ɓangaren rami, ya kwanta da mashin a cikin kwata. Gwiwa ta ɗaye, hannun birki ya karye, matakin ƙafa ya lanƙwashe, fitila ta fashe. Hular kwanon da yake ta yi wa tsiya tun daga Gombe ita ta daki dutsen.

Da na ɗaga shi, abin da ya fara faɗa, "Mutumina, mashin ɗin mutane." Ko ciwon bai kalla ba.

Man da ya so ya tsimi bai kai lita ɗaya ba. Ni kuma ban wanke kaina ba, domin ni na rubuta kasafin, ni na matse shi don tafiyar ta yi kama da mai araha har ya yarda ya biyo ni, kuma ban taɓa tambayarsa nawa yake rasawa duk ranar da bai fita aiki ba. Saukowa da giyar da ka hau da ita ake yi, ta biyu ko ta ɗaya, injin ya riƙe ka, birki kana taɓa shi kana saki. In ka ji ƙauri ka tsaya ya huce. Na san wannan tun kafin mu tashi, ban faɗa masa ba, ina ganin ai ya fi ni sanin mashin.

Muka lallaɓa zuwa Serti, kemis ya wanke ciwo, bakanike ya yi aikinsa, muka sake kwana. Kwana biyar ta zama bakwai.

To ga amsar tambayarku. Mita ta nuna kilomita 1,650, na sha lita 43, kusan 52,000. Kwana bakwai 84,000. Gyara, magani da rigar sanyi, rabona ya kama 18,000. Jimla 154,000, a kan 105,000 da na rubuta. Cikon yayana ne ya turo da muka samu sabis, bayan ya gama yi mini faɗan da na cancanta. Kada wani ya kwafi alƙaluman nan, farashi ya riga ya motsa. Ka auna naka mashin da kanka, cika tanki ka yi tafiya ka sake cikawa, sannan ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan man da ya fito. Ka ƙara kwana biyu a kan duk abin da taswira ta gaya maka. Sabon birki, tiyub, fulogi, wayar kulochi da baƙin mai, a gida ake sayensu. Kuɗin dawowa kuma tsaba, a ƙulle a leda a ƙasan jaka, kada ka taɓa su ko za ka kwana da gari da ƙuli. In abokin tafiyarka da mashin yake ci, kwanakinsa ma layi ne a takardar.

Balas ɗin satin nan mun raba shi biyu, ni da shi, bayan doguwar gardama. Ya ce a Disamba mu koma, wai bai ga Kakara da kyau ba. Na ce sai ya gama biyan mashin tukuna, saura masa wata huɗu.

Masu tambaya a kan masauki a Gembu da Nguroje, ku ajiye a ƙasa, da su za mu buɗe shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Sai an jima.