Ƙafar Fara da Hatsin Adar

 

Duk wanda ya yi wayo kafin 2004 a Madawa, Buza ko Keita ba sai an kwatanta masa farin ɗango ba. A shekarar, damina ta ɗauke da wuri, fara ta biyo baya, shekarar da ta zagayo kuma aka buɗe cibiyoyin ciyar da yara masu tamowa a jihar Tawa. Gaskiya dai fari ya fi fara ɓarna a waccan shekara, amma ita ce idanu suka gani, ita ce ta rufe rana.

Tambayar da na zo da ita: daga ina taron fara yake fitowa? A lokacin zaman lafiya farar nan ƴar kaɗaici ce. Ɗanta kore ne, tana gudun ƴan'uwanta, ba ta tashi sai da dare. In ta shiga taro, ɗan ya koma baƙi da rawaya, babbar ta yi jaja-jaja kafin ta rine rawaya, ta tashi da rana tsaka. Bambancin ya kai har masana sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan fari a matsayin jinsi biyu, sai a 1921 Boris Uvarov ya nuna cewa halitta ɗaya ce mai riga biyu.

Abin da ke sa ta sauya rigar shi ne aikin da Stephen Simpson ya duƙufa a kai a Jami'ar Okusfod. Ku ji kayan aikinsa: ɗan buroshin fenti. Shi da abokan aikinsa suka riƙa ɗaukar fara mai kaɗaici suna shafa mata wuri guda a jiki, wannan a kai, wannan a fiffike, wannan a ciki, sannan su sake ta a akwati su ga ko za ta nufi ƴan'uwanta ko za ta guje su. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Cinyar ƙafar baya ce, wadda yaranmu ke fizgewa kafin a jefa fara a mai. An buga sakamakon a 2001. Ma'anarsa a daji ita ce, idan ciyawa ta bushe ta rage tsibi-tsibi, fari suka matsu wuri ɗaya suna gogar juna, gogayyar ce ke kunna su.

Simpson masanin ɗabi'a ne, yana buƙatar masu sanin wayoyin cikin jiki. Nan ya haɗu da Malcolm Burrows na Kambirij, wanda ya kwashe shekaru yana bin jijiyoyin fara ɗaya bayan ɗaya, tare da Stephen Rogers da Swidbert Ott, da ɗalibi Michael Anstey. A 2009, Simpson yana Sidni ta Ostireliya a lokacin, su biyar suka buga a mujallar Science cewa cikin kamar awa 2 da cunkoso, sinadarin sirotonin yana ninka kusan sau 3 a ƙullin jijiyoyin da ke ƙirjin fara. Suka toshe aikinsa, fara ta ƙi shiga taro duk da an cunkusa ta. Suka yi mata allurarsa, ta nemi taro ba tare da an taɓa ta ba. Sinadarin nan yana cikin ƙwaƙwalwata da taku.

Shi ya sa nake jan kunnen mai ɗokin cewa an samu magani. Ba a samu ba. Abin da za ka fesa ya toshe sirotonin ba zai tsaya kan fara kaɗai ba, kuma taron da ya riga ya tashi ya wuce nan. Hukumar FAO ta ƙiyasta cewa taro mai faɗin murabba'in kilomita 1 na ɗauke da fari kusan miliyan 40, yana cin abincin mutum 35,000 a yini. Amfanin binciken, a ganina, shi ne ya nuna mana ƙanƙantar lokacin da muke da shi, da kuma wurin. Wurin ba gonakin Majiya ba ne, ba fadamun albasa na Tarka ba. Can arewa ne, Tamesna da Ayar, inda fara ke hayayyafa bayan ruwa. Motar masu sintiri ta Cibiyar Yaƙi da Fara ta Ƙasa, idan ta rasa mai a watan Satumba, geron Buza ne ke biya.

Akwai kuma abin da ke min ciwo. Farin da aka shafa da buroshi a keji aka haife su, a Ingila. Makiyayin da ke ratsa Tamesna da raƙumansa yana ganin ranar da ƴan kore suka fara yin baƙi suna tafiya jere, abin da masanin Kambirij zai biya kuɗin jirgi ya zo gani. Haɗin gwiwa ya taɓa zuwa ƙasar nan: shirin LUBILOSA, wanda ya haɗa cibiyar IITA ta Kwatano da masana na Turai, ya gwada a Nijar wani naman gwari mai kashe fara ba tare da guba ba, wanda aka fitar da sunan Green Muscle. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai, jami'a tana Tawa, wata tana Maraɗi. Ɗaliban da ke zaune a bayan zauren nan, wanda ke neman abin rubuta kundi ya same ni bayan sallar la'asar, ya zo da littafi da biro.