Sunan kakanmu yana cikin wane littafi?



Jikan Nasaran da ya taɓa zama a ƙasashenmu, in yana neman tarihin gidansu, ya san inda zai dosa: ma'ajiyar takardun mulkin mallaka ta Aix-en-Provence a Faransa, ko ta Dakar. Haihuwa, aure, mutuwa, duk an rubuta musu. To mu fa?

Dokar 1932 ta ce wanda sunansa ya shiga littafin filaye shi ne mai wuri, magana ta ƙare. Ta 1935 kuma ta bai wa gwamnati ƙasar da aka bari ba noma fiye da shekara 10. Wato saurar kakanmu ke nan! Shi kuwa shaidarsa giginyar kan iyaka ce, da bakin maƙwabta.

Tun 1993 dokar karkara ta Nijar ta yarda gonar gado mallaka ce, kuma Kofo na ba da takardar shaida. Ina roƙonku, tun tsofaffin da suka san iyakoki suna raye, ku kai su gaban mai gari da Kofo. In za a lissafa magada, kada a tsallake sunayen mata.